Gyaran Bututu da Kwata a Lokacin Bazara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu da sauran jama'a, ina godiya da kuka ba ni wannan dama.

Mu mutanen Jos sanyin hunturu ya sa muna ganin kamar garinmu bai san zafi ba, amma duk wanda ya kwana a Gangare ko Unguwar Rogo cikin watan Maris da Afrilu ya san bazara tana leƙo mu. Waɗannan 'yan makonni da ke tsakanin ɗaukewar hunturu da saukar ruwan fari su ne lokacin gyara, domin kwata a bushe take, siminti yana kamawa, kuma mai gyaran famfo bai shiga rububin damina ba.

Bari in fara da bututun roba, wanda yawancin gidajenmu da shi aka ja ruwa. Robar nan tana miƙewa idan ta sha rana, ta kuma tsuke da sanyin dare, kuma a nan saman tsauni tazarar zafin rana da sanyin dare tana da yawa. Wannan miƙewa da tsukewa ne ke sassauta mahaɗar da aka liƙe da gam, shi ya sa yoyo yakan fara daga gwiwar bututu. Hasken rana kuma yana cin jikin robar har ta yi fari ta bushe, yaro ya taka ta fashe. Duk bututun da ke kwance a fili a binne shi, wanda ke bin bango kuma a shafa masa fenti. Famfon da ke ɗiga, sau da yawa 'yar robar cikinsa ce ta cinye, kuma canza ta ba wani kuɗi ba ne.

Tankin ruwa a sauke shi a wanke, a kwashe lakar da ta kwanta a gindinsa, a tabbatar murfinsa yana rufuwa ruf, saboda haske yana haifar da gansakuka, sauro kuma cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai idan ya samu ruwa mai ɗumi a kwance.

Iyayenmu mata suna yawan kuka da warin da ke tasowa daga wurin wanke-wanke da banɗaki idan zafi ya kankama. A ƙarƙashin wurin akwai lanƙwasar bututu da aka yi ta musamman don ta riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne ke tare warin sokawe da kyankyasai. Banɗakin baƙi da ba a shiga, zafi yakan ƙafar da ruwan, sai hanya ta buɗe. Zuba kofi biyu na ruwa a wurin duk mako ya wadatar. Maiƙon miya da manja da suka daskare a bututu tun hunturu kuwa, ruwan zafi da sabulu ake bi da su, kuma a daina juye ragowar mai a ciki.

Sai kwatar ƙofar gida, wadda ita ce ta fi damuna. Manyanmu a nan ba su manta watan Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya tumbatsa daga madatsar Lamingo ya bi ta Rikkos da Gangare, ya ci rayuka da gidaje. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ina cewa kwatarka ce ta jawo wancan ba, amma ledar fiya wata da yashin da ke toshe kwalbati suna mayar da ruwan sama cikin ɗakuna duk shekara. A yashe kwata tun daga indararo har inda ta haɗu da babbar magudana, a kuma kwashe abin da aka yaso nan take, domin idan aka tara shi a baki, ruwan fari zai mayar da shi ciki.

Wanda sokawensa ya kusa cika ya kira masu kwasa yanzu, kafin ƙasa ta sha ruwa. Mai shirin haƙa sabo kuma ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, ya sa shi ta gangare, rijiyar tana sama.