Hazon da ya ba masana falaki kunya

Duk wanda ya yi hunturu a Marwa ko Injamena ya san hazo. Iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, rana ta dusashe, dutsen da ka saba gani daga ƙofar gida ka neme shi ka rasa. To, jama'a, sararin samaniya ma da nasa hazon, kuma a 2014 ya ba wasu manyan masana kunya.

Ga abin da suke bibiya. Akwai wani haske da ya game sama ko'ina, ido ba ya ganin sa. Ya taso ne shekara kusan 380,000 bayan sarari ya fara faɗaɗa, yau shekara biliyan 13.8 yana tafe, ya huce har ya kai digiri 270 ƙasa da sifili. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka ci karo da shi a 1964 a Amurka, ba ma shi suka fita nema ba. Eriyarsu ce ta dame su da wani shuu, suka zargi kashin tantabaru, suka share tas, shuu yana nan. A 1978 aka ba su lambar Nobel. Ralph Alpher da Robert Herman, da suka yi lissafin wannan haske tun 1948, ko sisi.

Dokar Nobel ke nan: ba a raba lamba ɗaya wa fiye da mutum uku, ba a kuma zaɓar mamaci. Tauraron ɗan Adam na COBE, wanda ya auna wannan haske, mutum sama da dubu suka yi masa aiki, biyu aka kira Suwidin a 2006. In haka rabon yake, kowa so yake a ce shi ya fara faɗa.

Yanzu ku dubi wata na'urar hangen sama mai suna BICEP2, da aka girka a tsakiyar ƙanƙarar Antaktika, inda iska ta bushe ƙayau babu tururin da zai tare haske. Tana neman wani salon murɗewa a cikin tsohon hasken nan, wanda in an same shi, shaida ce cewa sarari ya yi wata irin kumbura ta farat ɗaya a farkonsa. A watan Maris na 2014 aka tara 'yan jarida aka ce an gani, tun kafin sauran masana su gama tantance takardar. Nan take aka fara maganar Nobel.

Ina aka yi tuntuɓe? Gungun taurarin da ranarmu take ciki cike yake da ƙura. Ƙwayoyinta suna jeruwa bisa maganaɗisun gungun, su fitar da haske mai murɗewa irin wadda ake nema sak. Hanyar bambancewa ita ce a auna sama a mita daban-daban, wato yawan kaɗawar igiyar haske a daƙiƙa guda, wanda ake aunawa da gigahaz, domin hasken ƙura ƙaruwa yake in mitar ta hau. BICEP2 kuwa a mita ɗaya tak take aunawa, gigahaz 150. Taswirar ƙura mai kyau, ta gigahaz 353, tana hannun ayarin tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Planck, su kuma ba su sake ta ba tukuna. Har da hoton wani allon lacca na mutanen Planck aka yi amfani wajen ƙiyasta ƙurar. A ganinmu, jiran 'yan watanni da ya wadatar.

A farkon 2015 ayarin biyu suka haɗa alƙalumansu, sai ga shi ƙura ta cinye mafi yawan abin da aka gani. Na'urorin da suka biyo baya a wurin sun ƙara da gigahaz 95 da 220, kuma har yanzu murɗewar da ake nema ba ta bayyana ba.