Hagi: An Ce Garin Fada Ne, To Ina Fadar?

Tun da hotunan Hagi, wani tsohon gari a ƙasar Japan, suka fara yawo, tambaya ɗaya ake ta yi: an ce garin fada ne a bakin teku, to ina fadar? Duwatsu kawai muke gani da ruwa. A nan ne mutane ke tuntuɓe, kuma a nan za mu daɗe.

Maganar hanya ba ta da tsawo. Jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, zai sauke ka a tashar Shin-Yamaguchi, ka hau bas kamar awa guda ta cikin tsaunuka, ka ɓullo gaɓar Tekun Japan. Ka ɗauki hayar keke, garin shimfiɗe yake. Shi ke nan.

Yanzu ku dubi wannan tushen dutsen da kyau. A kansa hasumiyar fadar take a da. Mori Terumoto, basaraken da ke mulkin yankin, ya fara ginin a 1604, kuma ba cikin daɗin rai ba. Ɓangarensa ne ya sha kashi a yaƙin Sekigahara a 1600, aka ƙwace masa Hiroshima, aka bar shi da larduna biyu kacal. Sai ya dawo nan, inda kogin Abu ya rabu biyu ya rungume ƙasar, ya kafa fada a gindin tsaunin Shizuki, teku na bayansa.

Babu wanda ya ci fadar nan da yaƙi. Ba gobara ba ce, ba bam ba ne. Sabuwar gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ce ta sa aka rushe ta a 1874, lokacin da ake kawar da mulkin samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan. Abin da ya fi ɗaure kai, 'ya'yan garin nan suna sahun gaba cikin waɗanda suka kafa wannan gwamnatin.

Saboda haka wanda ya biya kuɗin shiga, ya leƙa tushe da ramin ruwa, ya juya ya tafi, wallahi ya yi asara. Garin shi ne abin kallon. Fita daga filin fadar ka shiga unguwar Horiuchi, inda manyan samurai suka zauna. Titunan suna nan yadda aka zana su, har ana cewa da taswirar zamanin Edo, wato zamanin mulkin samurai kafin Meiji, za ka iya yawo ba ka ɓace ba.

Ku lura da wannan kwanar. Hanya ta miƙe, katangar ƙasa dama da hagu, sai ta karye kwatsam, ta sake karyewa. Sunanta kaimagari. Da gangan aka yi, don maharin da ya shigo ya kasa hango gabansa. Wanda ya taɓa kutsawa lungunan cikin birnin Kano zai gane yadda ake ji.

Ga kuma lemun da ke leƙowa ta saman katanga, rawaya. Natsumikan ke nan, kuma ba don ado aka shuka shi ba. Da aka soke albashin samurai, talauci ya kama su, sai suka mayar da filayen gidajensu gonakin lemu, tun wajen 1876. Itatuwan na buƙatar kariya daga iskar teku, shi ya sa ba a rushe katangun ba. Ni a ganina wannan ya fi hasumiyar da aka rasa ban tausayi: mutum ya ajiye takobi ya koma kirga lemu don ya ci da iyalinsa.

Sauran, bari hoto ya yi magana. Yashin bakin tekun Kikugahama. Kofunan shayin Hagi-yaki, sana'ar da maginan tukwane daga Koriya suka kafa; shayi na ratsa tsagar jikinsu, launinsu na canjawa da shekaru.

Amma kada ka bar garin ba ka ƙetare kogin Matsumoto ba. Wannan 'yar bukkar katakon, Shoka Sonjuku, makarantar wani malami ce, Yoshida Shoin, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1859. Cikin ɗalibansa akwai Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko a 1885. UNESCO ta sa makarantar cikin kayan tarihin duniya a 2015, tare da tsohon garin. Ka ware wa Hagi yini guda cur, filin fadar kuwa awa ɗaya ta ishe shi.