Tsofaffin fina-finan da nake so ku nema ku kalla

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, ɗan'uwanku ne ɗan Bauchi daga nan Berlin ta ƙasar Jamus. Mutanen Wunti, mutanen Jahun, 'yan Kobi da 'yan Yelwa, da ku maƙwabtanmu na Gombe, ina gaisuwa. Yau ba fita za mu yi ba, babu zagaya gari, don lokacin sanyi ne a nan kuma ƙarfe huɗu da 'yan mintuna duhu ya fara shiga, to hira kawai za mu yi a kan tsofaffin fina-finai, waɗanda ni a ganina duk wanda ya ce yana son fim ya kamata a ce ya gan su ko sau ɗaya ne.

Kuma da namu zan fara, don shi ne ya fi tsaya min a rai. Shaihu Umar. Na san da yawanku kun karanta littafin a makaranta, wasu kuma sun haddace shi ne kawai saboda jarrabawa, amma mutum nawa ne suka san an yi fim ɗinsa? Littafin na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, namu na Bauchi wanda kabarinsa ke nan cikin gari, ya rubuta shi tun yana malamin makaranta, aka buga a 1934, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, da Hausa zalla, Umaru Ladan ne ya fito a Shaihun. Kuma labarin ma daga wajenmu yake buɗewa, a Rauta kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa shi kuma ya shiga ba su labari, yadda hassada ta sa aka kori mijin uwarsa Makau daga gari, yadda aka sace shi yana yaro, har ya faɗa hannun wani Balarabe Abdulkarim wanda ya ratsa sahara da shi zuwa Masar ya riƙe shi kamar ɗansa ya ba shi ilimi, ita kuma uwar ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

To abin da zai ba ku mamaki, fim ɗin nan ɓacewa ya yi. Shekara da shekaru ana jin sunansa babu wanda ya san inda yake, sai a 2016 aka gano faifansa a ɗakin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya ta nan Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlinale a 2018. Ni ma a nan garin na gan shi lokacin da aka sake haska shi a wani ɗan ƙaramin silima, ina zaune cikin Turawa su suna bin rubutun fassara a ƙasan allo ni kuwa ina jin kowace kalma kai tsaye, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Hausar da ke cikinsa irin ta kakanninmu ce, a natse, babu gaggawa, gaisuwa kaɗai sai ta ci minti guda ba a yanke ta ba. Ga rawuna, ga dawakai, ga gidajen ƙasa na gaske ba gidan wani alhaji da aka ara ba. Ya haura awa biyu kuma tafiyarsa a hankali take, wanda ya saba da bidiyon sakan talatin zai ce ya gaji, amma ku daure masa. Abin da ya dame ni shi ne ɗan Bauchi sai ya tsallako teku kafin ya ga fim ɗin littafin ɗan garinsu, alhali kamata ya yi a ce duk shekara ana haska shi a jami'ar da ke ɗauke da sunan marubucin, ɗalibai su cika ɗaki.

Kuma gidan Tafawa Ɓalewa ba su tsaya a nan ba, ɗansa Saddik Ɓalewa ya yi fim mai suna Ƙasarmu Ce a 1991, shi ma da Hausa, a kan mutanen ƙauye da mai kuɗin da ke son ƙwace musu ƙasa. Yana da wuyar samu, amma in kun ci karo da shi kar ku wuce.

Sai Indiya, don in ban taɓo Indiya ba iyayenmu mata ba za su yafe min ba. Amma ba irin na yanzu nake nufi ba da ake ɗora wa muryar fassara mutum ɗaya ya yi jarumi ya yi jaruma ya yi bos har ya ƙara da nasa barkwancin, a'a, na asali nake nufi, wanda muka kalla ba ma jin yaren amma muna gane komai. Na farko Mother India, 1957, na Mehboob Khan. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar manomi da bashin mai ba da rance da ruwa ya dabaibaye gidansu tun daga kuɗin bikinta, mijin ya rasa hannuwansa a wajen aikin gona ya bar gida saboda kunya, ita ta ja garma da kafaɗarta ta reni 'ya'ya. Duk wanda ya taso a inda ake cin bashin taki a biya da buhun masara bayan kaka, ba ya buƙatar tafinta a fim ɗin nan. Shi ya sa ya shiga ran Hausawa, ba wai rawa da waƙa kawai ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka, talaucin namu ne, kunyar tamu ce, uwar ma tamu ce. Ƙarshensa ba zan faɗa muku ba, amma hukuncin da uwar nan ta yanke a kan ɗanta Birju har yau in aka zauna sai an yi musu a kai. Wani abin kuma, Sunil Dutt da ya fito a ɗan nata shi ya ceci Nargis da gobara ta tashi a wajen ɗaukar fim ɗin, daga baya suka yi aure a 1958, su suka haifi Sanjay Dutt ɗin da samarinmu suke kira ɗan daba mai lasin.

Sholay kuwa, 1975, kai jama'a. Amitabh Bachchan da Dharmendra sarkin ƙarfi, ɓarayi biyu abokan juna da wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko haya su kamo masa ɗan fashin da ya addabi ƙauye. Amjad Khan a Gabbar Singh, ni dai har yau ban ga bos ɗin da ya kai shi ba, ba ya ihu ba dalili, dariya zai yi ta yi har yaransa su saki jiki su ma su fara dariya, sannan ya aikata abin da zai aikata. Fim ɗin ya haura awa uku, kuma a wani silima na Bombay mai suna Minerva sai da ya shekara biyar ana nuna shi. Ku lura da kwabon da Amitabh yake jefawa sama duk lokacin da za su yanke shawara, ba zan ce komai ba, ku dai lura.

Akwai Mughal-e-Azam na 1960 da Dilip Kumar da Madhubala, yarima ya kamu da son baiwar fada uban ya ce atafau, an sa masa kala a 2004 amma ni na fi son baƙi da farin. Haathi Mere Saathi na 1971 kuma ku saka wa yara, giwayen kaɗai sun ishe su.

To mu koma waɗanda ake kunna mana da azumi. The Message, wato Ar-Risala, 1976, na Moustapha Akkad ɗan ƙasar Siriya. Sau biyu ya ɗauki fim ɗin a lokaci guda, ɗaya da Turanci ɗaya da Larabci, kowanne da 'yan wasansa, a Maroko da Libiya. A na Turancin Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza, a na Larabcin kuma Abdullah Ghaith, ni shawarata ku nemi na Larabcin, ya fi nauyi a kunne. Abin burgewa shi ne ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da ya nuna Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ba, ko murya babu. Na san malamai sun yi saɓani a kan fito da sahabbai a fim, wannan kowa ya tambayi malaminsa, ni aikin fim ɗin nake magana a kai. Shi dai Akkad ɗin ne ya sake yin Lion of the Desert wanda mu muka fi sani da Umar Mukhtar, tsohon malamin allo da ya shekara kusan ashirin yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya har suka kama shi suka rataye shi a 1931. Sai da Italiya ta hana nuna fim ɗin a ƙasarta tsawon shekaru. In kun ga wurin da mayaƙan suke ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu in tankoki sun taho, za ku gane dalilin da ya sa dattawanmu ba sa gajiya da shi. Akkad ya rasu a 2005 sakamakon harin bam da aka kai wani otal a Amman, Allah ya jiƙansa.

Chanis kuma ba sai na daɗe ba, duk wanda ya yi yarinta a unguwa ya san bayan an tashi daga gidan kallo sai an samu wanda ya targaɗa ƙafa wajen gwada tsalle. Enter the Dragon na Bruce Lee, 1973, wanda shi kansa bai ga fitowarsa ba don ya mutu a watan Yulin shekarar. The 36th Chamber of Shaolin na 1978, wanda rabinsa duk horo ne, ɗaukar ruwa da buga ƙararrawa, kuma horon ya fi faɗan daɗin kallo. Drunken Master na Jackie Chan shi ma 1978, in dariya kuke so. Na kaboyi ɗaya tak zan ba ku, The Good, the Bad and the Ugly, 1966, ɗan Italiya Sergio Leone ne ya yi shi kuma yawancinsa a Sifen aka ɗauka ba a Amurka ba, mutum uku su tsaya a tsakiyar maƙabarta suna kallon-kallo mintuna ana kiɗa babu mai cewa uffan, kai kuma ka kasa ko ƙifta ido.

Na Kano ma suna da tsofaffinsu, Turmin Danya na 1990 da ake lissafa shi a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa, da Sangaya wanda ya sa kowa ya san Ali Nuhu. Hoton ba shi da kyau, sautin wani lokaci sai ka kasa kunne, kuma da yawa daga cikin na wancan zamanin a kaset suka ƙare, in ƙura da zafi suka cinye kaset ɗin shi ke nan. Don haka in akwai mai tarin kasusuwan bidiyo a ɗakin babarsa ko ƙarƙashin gadon kakarsa, don Allah kar a zubar, a nemi masu juyawa zuwa kwamfuta, ana samunsu a kasuwa.

Roƙona ɗaya, kar ku kalli waɗannan a waya kuna danna gaba kuna amsa saƙo. Ku jona a talabijin bayan isha'i, in an samu wuta ko an tada janareto, a sayo masa da miyar taushe, a kira baba da inna su zauna, don su sun san inda za a yi kuka tun kafin a zo wurin kuma za su gaya muku a wane silima suka fara gani da nawa aka shiga. Ku fara da Mother India in inna na kusa, in baba ne ku sa masa Umar Mukhtar. Ni zan tsaya nan, gobe da sassafe ina da aiki kuma jirgin ƙasan nan ba ya jiran kowa. Sai mun sake haɗuwa, a gaida mutanen gida.