Digirin digirgir a Suwidin aiki ne, ku daina ba ejan kuɗinku

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a waje nake, amma wallahi raina ne a ɓace shi ya sa na kunna kyamara. Wani bawan Allah ne ya turo min saƙo wai ya tura wa wani ejan kuɗi zai samo masa gurbin digiri na uku a nan Suwidin. Haba ɗan'uwa! Gurbin da jami'a ke tallarsa kyauta a shafinta na intanet, kowa ya gani?

A ƙasar nan fa digiri na uku aiki ne, ɗaukar ka ake yi kamar kowane ma'aikaci, da kwantiragi da albashi duk wata da hutu, har hutun haihuwa. Kuɗin makaranta ko sisi babu, ko daga ina ka fito, digiri na farko da mastas ne suka sa wa kuɗi tun 2011 ga waɗanda ba 'yan Turai ba. Albashin wajen krona 30,000 ne kafin haraji, haraji ya ci nasa, ɗan ɗakin da nake ciki ya lashe 6,000, amma dai alhamdulillahi ban taɓa kiran gida a turo min ba, ni nake turawa.

Kuma kada wani ya ce maka sai ɗan kimiyya. Nan Uppsala, jami'ar da aka kafa tun 1477, akwai likitanci da harhaɗa magunguna da injiniyanci, akwai shari'a, tarihi, harsuna, ilimin addinai, duk suna ɗauka, illa dai wani fannin sai ka daɗe kana jira kafin gurbi ya fito, ranar da ya fito kuma duniya ce za ta yi masa ca. Af, Celsius ɗin nan da muke auna zafi da sunansa, farfesa ne a nan, ni kaina sai da na zo na ji wani iri da nake bin hanyoyin da ya bi.

Shekara 4 ne cikakku, in ka haɗa da koyarwa ya kai 5, sufabaiza aƙalla biyu doka ce. Abin da ya fi burge ni, in ka gama rubuta kundinka, mako 3 kafin ranar kare shi za ka ɗauko guduma da ƙusa ka kafe shi a bango ko katako, guduma ta gaske, don duk mai ja da kai ya karanta ya zo. Ranar kuma a bainar jama'a ake yi, a kawo masani daga wata jami'a ya titsiye ka.

To gargaɗina, kada ka rubuta wasiƙa ɗaya ka watsa wa farfesoshi barkatai, ganewa suke, ko amsa ba za ka samu ba. Ka karanta tallar, ka karanta abin da mutumin ya wallafa, kundinka na mastas ya zama a shirye don shi za su fara buɗewa. Sannan ranar da aka ce an ɗauke ka, ranar ka fara neman ɗaki, layin gida a garin nan ba wasa ba ne. Kuma ka shirya wa duhu, a Disamba kafin ƙarfe 3 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, a irin wannan lokacin ne kewar gida take kama ni sosai, don haka kada ka kuskura ka kulle kanka a ɗaki kai kaɗai.