Igiyar Hawan Dutse Daban, Ta Hawan Bishiya Daban

[Hoto: mutum a gindin doguwar bishiya yana ta jan igiya, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba]

Jama'a, ku dubi bawan Allahn nan. Ya ja, ya ja, ya ƙara ja, gumi ya jiƙa masa riga, har yanzu ƙafarsa na ƙasa. Ba ƙarfi ya rasa ba. Igiyar ma ba jabu ba ce, sabuwa ce fil, da tambarin inganci a jikinta. Abin da ya faru kawai, igiyar hawan dutse ya ɗauko ya zo hawan bishiya da ita.

Tun da hotunan masu hawan bishiya don nishaɗi suka fara yawo, tambayar da ake ta maimaitawa ke nan: igiyar da ta riƙe mutum a kan tsauni, me zai hana ta riƙe shi a kan reshe? Za ta riƙe shi mana. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

[Hoto: allo ya rabu biyu, mai hawan dutse a hagu, mai hawan bishiya a dama]

Na hagun nan da hannunsa da ƙafarsa yake hawa. Igiya bin sa kawai take yi a sake, tana jiran lokacin da zai suɓuce. In ya faɗo, aikinta ta miƙe ta shanye fizgar, don kada ƙugunsa ya sha. Da gangan aka saƙa ta da nailan mai miƙewa.

Na daman kuwa a kan igiyar yake zaune tun daga ƙasa har sama. Da ita yake hawa, da ita yake tsayawa, da ita yake jingina ya miƙa hannu ya yanke reshe. Nauyinsa ba ya barin ta.

Yanzu ga lissafin. Ƙa'idar Turai ta igiyar hawan dutse, EN 892, ta yarda igiya ta miƙe har kashi 10 cikin ɗari idan aka rataya mata kilo 80 kawai, ba faɗuwa ba komai. In faɗuwa ce, tana iya kaiwa kashi 40. To a ce reshenka yana sama da mita 20. Kashi 10 na mita 20, mita 2 ke nan. Sai ka janye igiyar da ta fi tsayinka kafin tafin ƙafarka ya rabu da ƙasa. Kuma ko ka tashi, kowane yunƙuri sai ta ba ka amsa, ka yi sama ka dawo, kamar mai ƙoƙarin hawa bene a kan katifa.

[Hoto na kusa: igiya a kan reshe tana gaba tana baya]

Ku matso ku ga abin da wannan lilon yake yi a can sama, inda mai hawan ba ya gani. Duk miƙewa da komawa, igiyar tana goga ɓawon reshe. Ga gashi ya fara tashi a rigarta, wato saƙar da ta lulluɓe igiyar ta waje. Ga ɓawon ya fara salɓewa, farin cikinsa ya fito. Igiya na cin bishiya, bishiya na cin igiya. Sannan ku ɗauka mutumin nan zarto mai inji ne a hannunsa yana kuka, ga shi yana rawa a iska. Ni dai ba na son in kasance a ƙarƙashinsa.

Igiyar masu aikin bishiya tana ƙarƙashin wata ƙa'idar ce, EN 1891. A nan, idan aka ƙara nauyi daga kilo 50 zuwa 150, kada miƙewar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma da yawa daga cikinsu ba sa kai hakan ma. Galibi rigar ta foliyesta ce, wadda ba ta shan ruwa kamar nailan, ta kuma fi jure rana da guga. Ka zauna a kanta, inda ka tsaya nan ka tsaya.

Sai dai kada wani ya tafi da rabin magana, ya ce shi ke nan, mara miƙewa ita ce sarauniya. Abin da ya sa ta yi daɗin aiki shi ne kuma haɗarinta. Igiyar da ba ta miƙewa ba ta shanye faɗuwa. Duk fizgar jikinka za ta miƙa wa, da reshen da ka rataya.

A gwajin EN 1891, ana sakin nauyin kilo 100 ya faɗo tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon igiyar ba. 'Yar gajeriyar faɗuwa ce. Duk da haka iyakar da aka sa ita ce kilonyutan 6, wato kamar a ɗora maka kilo 600 a ƙugu lokaci guda. Shi ya sa masu koyar da aikin suke nanata abu biyu har su gundure ka: kada ka hau sama da inda igiyarka ta rataya, kuma kada ka bar ta ta yi sako-sako fiye da rabin mita. Ka taka reshe ka ɗaga, ka ja rarar nan take. Ka ƙara ɗagawa, ka ƙara ja.

[Hoto na kusa: ƙarshen igiya, da 'yar takardar da aka naɗe a kai]

Ga inda za ka duba kafin ka saya. A ƙarshen igiya akwai wannan 'yar alamar: lambar ƙa'ida, kauri, da harafin A ko B. Mai harafin A kake nema. Nau'in A ba ta tsinkewa ƙasa da kilonyutan 22, B kuwa 18. A Amurka, ƙa'idar ANSI Z133 ta masu aikin bishiya ta ce kada igiya ta tsinke ƙasa da nauyin fam 5,400, kusan kilonyutan 24, da kaurin rabin inci, wato milimita 12.7, ko da yake an yarda a sauko zuwa milimita 11 ga wanda aka horar da shi a kanta.

Wani zai buga lissafi ya ce, kilonyutan 22 ai ya haura tan biyu, ni da kilo 75 me zai dame ni? Sannu malam lissafi. Wannan lambar ta sabuwar igiya ce, busasshiya, miƙaƙƙiya, ba ƙulli ko ɗaya. Ita wannan ƙa'idar da ta ce 22, da an ɗaura ƙulli sai ta koma neman 15. Ƙara tsufa, ƙara yashi da ya shige cikin saƙa, ƙara fizga. Shi ya sa masu aikin suke raba lambar gida goma su ɗauki ɗaya.

Akwai kuma lissafin da reshe ke yi, wanda ba a rubuta shi a jikin komai. Idan ka wurga igiya ta kan reshe ka ɗaure ɗaya ƙarshen a gindin bishiya, ka hau ta ɗayan, reshen nan kusan ninki biyu na nauyinka yake ɗauka, domin ɓangarorin biyu duk ƙasa suke jan sa. Igiyarka na iya zama ta tan biyu, reshen ya zama ruɓaɓɓe ta ciki.

[Hoto: kaya a shimfiɗe a ƙasa, hannu yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya]

Sauran kayan, mu bi su da sauri.

Salon hawa biyu ne. A na farko igiya ce ke zagaya reshe tana tafiya tare da kai. Nan igiya mai saƙar sili 16 ko 24 ta fi daɗin hannu, tana kuma karɓar ƙulli. A na biyu igiyar a kafe take, kai ke bin ta da na'urori masu kamawa. Nan ana son mai matsattsiyar riga da ƙarancin miƙewa sosai. Kowace na'ura an rubuta kaurin igiyar da take karɓa. Ka bi abin da aka rubuta.

Wannan siririyar, mai milimita 8 zuwa 10, ita ake naɗawa a jikin babbar ta zama birki. Wani ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shahararren ƙullin wannan naɗin a 1931, har yau sunansa ake kira. Guga na sa ta zafi ƙwarai, don haka a nemi mai haɗin zaren da ke jure zafi, irin su Technora. Igiyar zaren Dyneema tana da ƙarfin gaske, amma wajen digiri 150 ta fara narkewa. Ba ta wannan aikin ba ce.

Ɗamarar zama: ta masu bishiya tana da faffaɗan baya, da 'yar gadar igiya a gaba da ke barin ka juya hagu da dama. Ta hawan dutse za ta riƙe ka, amma ka yi rabin awa a rataye cikinta, cinyoyinka za su ba ka labari. Ƙugiya kuwa, mai rufe kanta ta kulle kanta, wadda sai an yi motsi uku take buɗewa. Mai murɗawa da hannu, ganye da igiya na iya warware ta ba ka sani ba. Hular kwano mai maɗaurin haɓa. Gajeriyar igiyar ƙugu ta biyu, wadda dole ce duk lokacin da za ka yi yanka ko za ka sauya reshe. Siririn zare da 'yar jakar nauyi don wurgawa sama. Da wannan madauri mai zobba biyu da ake ɗorawa a reshe, igiya ta bi ta cikinsu, ɓawo ya huta.

Ƙarafan ƙafa masu tsini? Na bishiyar da za a sare ne kaɗai. Kowane taku rami ne a jikin mai rai. Masu hawan nishaɗi, tun daga ƙungiyar da Peter Jenkins ya kafa a Atlanta ta Amurka a 1983, ba su yarda da su ba sam, kuma ina bayansu.

[Hoto na kusa: igiya tana wucewa ta cikin tafin hannu a hankali]

Ba mu da wani hoto mai ban sha'awa a nan, hannu ne kawai da igiya, amma ku daure. Kafin kowane hawa, a bi ta daga farko har ƙarshe da yatsu, ido na kallo. Ga wuri nan ya yi ƙyalli ya sandare: zafi ya narkar da zaren. Ga wani ya lotsa, in ka lanƙwasa sai ya karye kwana maimakon ya yi baka: cikin ya lalace ko da rigar lafiya lau take. A shinshina ma, warin fetur ko wani sinadari ba alheri ba ne.

Kuma igiyar da aka taɓa saukar da gungumen itace da ita ta gama ɗaukar mutum har abada, komai kyawunta a ido. Fizgar da ta sha ba ta nunawa a waje. Masu aikin sukan sayi ta saukar da itace da launi daban don kada a rikice da asuba. Wadda aka yi wa ritaya kuma, a sa wuƙa a yanyanka ta gunduwa-gunduwa, don in ka bar ta a naɗe a lungu, wani zai zo ya ɗauka ya hau.