Bangon Littafin Wasan Tebur: Wanda Ke Jan Mai Saye Da Wanda Ke Korar Shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Birnin Kebbi, Argungu, Yauri, Jega, da mutanen Gusau da Kaura Namoda da ke biye da wannan tasha. Daga birnin Essen na ƙasar Jamus nake magana, garin da ake cin babbar kasuwar wasannin tebur duk watan Oktoba. Kantar da kuke gani a bayana littattafan wasan labari ne cike da ita, kuma maganar bangonsu za mu yi yau, saboda matasanmu da suka fara rubuta irin wannan wasa da Hausa.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama, ɗaya shi ne jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi. In an zo wurin da ba a san ko zai ci nasara ba, sai a jefa dayis, irin ɗan ludo amma wani har fuska 20 gare shi. Littafin shi ke ɗauke da dokoki da bayanin duniyar da ake wasa a cikinta. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

To, aikin bango guda ɗaya ne: ya gaya wa mai kallo abin da shi da abokansa za su yi in sun zauna. Bangon littafin hikaya jarumin marubuci yake nunawa. A wasa kuwa mai sayen ne jarumin, don haka dole zanen ya bar masa wurin shiga.

Bari in kusanto da kyamara. Wannan bangon littafin 'yan wasa ne na Dungeons & Dragons na 1978, zanen David Trampier. Ga wani ƙaton gunki riƙe da kaskon wuta, ga ɓarayi biyu sun hau kansa suna ƙoƙarin ɓamɓare dutse mai daraja daga idonsa. A ƙasa wani yana goge takobi, wasu sun duƙufa kan taswira, ga gawarwakin dodannin da suka kashe. Ku lura, ba wanda ke kallonmu a cikinsu, kowa aikinsa yake yi. Kuma tambaya na nan a rataye: in idon ya fita, me zai biyo baya? Wannan tambayar ce ke sa hannu shiga aljihu. Na biyun kuma jan akwatin wannan wasan ne na 1983, zanen Larry Elmore: mayaƙi ɗaya ya ba mu baya, takobi a hannu, yana fuskantar jan dodo a kan tarin dukiya. Da gangan aka juya mana bayansa. Tunda ba ka ga fuskarsa ba, taka za ka sa.

Yanzu ga irin wanda ba na so ku kwaikwaya, kuma ba zan nuna sunan littafin ba. Jarumai shida sun jeru sun ƙura wa mai kallo ido, kowa ya ɗaga makami, bayansu hayaƙi da walƙiya. Ba wanda ke yin komai. Ba a san ina suke ba, ba a san abin da suke tsoro ba. Launi kuma kowanne yana ihu, ja da kore da shuɗi duk ƙarfinsu ɗaya, ido ya rasa inda zai fara sauka. An kashe kuɗi a zanen, hannun mai zanen ma ya iya, amma ka cire sunan ka liƙa na wani wasan, ba abin da zai canza. Wannan shi ne babban aibin bango.

Mu dawo gida. A ce wasanku a zamanin Kanta, Sarkin Kabi, kuka kafa shi, ƙarni na 16, lokacin da Surame ke babban birni. Kada ku ce wa mai zane "a zana mana jarumi mai kwarjini". Abin da zai kawo muku sojan Turawa ne cikin rigar ƙarfe, an shafa masa baƙin launi. Ku rubuta masa jimla ɗaya mai aiki a ciki. Misali: mutum uku cikin kwale-kwale da asuba, ɗaya ya jefa homa ta kama wani abu da ke jan jirgin ƙasa, na biyu ya ɗana kibiya, ta ukun ta riƙe gora tana duban inuwar da ta fi jirgin tsawo. Ga wuri, ga haɗari, ga aikin kowa, kuma ba a nuna ƙarshen ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada na Argungu ranar kamun kifi zai gane inda yake tun kafin ya karanta suna.

Sannan ku tura shi ya ga kayan da idonsa. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana da makamai da tambura na da. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke, yana da kauri da nauyi, ba ya sheƙi. Sulke zobba ne aka sarƙa, yana bin jiki yana lanƙwasa. Takobinmu miƙaƙƙe ne, a kafaɗa ake rataya shi da hamila, ba lanƙwasasshen nan na finafinai ba. Naɗin rawani ma kowa ya san na gida da na baƙo. Hotunan da manhajar kwamfuta ke ƙirƙirowa nan suke faɗuwa: rawanin wata ƙasa, sirdin wata ƙasa, gini mai ƙubba inda ya kamata a ga ganuwa, wani lokaci har yatsa shida. Dattijo ɗaya ya kalla ya yi tsaki, littafin ya zube a idon gidan gaba ɗaya.

Wani abin da nake roƙonku da shi: kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a bango don ado. Littafin wasa a tabarma yake kwana, ana ɗora masa kofin shayi, yara na ja. In za a yi rubutun ajami, a rubuta sunan wasan, kuma a kai wa malamin da ya iya ya duba. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai, ƙofa a buɗe take. Wasan Traveller na 1977 baƙin bango ne da jan layi da rubutu kawai, har yau ana gane shi daga nesa. Mu da muke da aska takwas ta babbar riga, da zanen dukawa a kan fata, da dagi, ba mu rasa abin yin bango ba.

Kafin a biya mai zane kuɗin ƙarshe, a yi gwaji biyu. Na farko, a rage hoton ya koma kamar faɗin babban yatsa a fuskar waya, domin a haka yawancin mutane za su fara ganinsa a WhatsApp ko Facebook. In sunan bai karantu ba, ko ba a gane siffar babban abin ba, a koma. Masu zanen bayan gingimari sun daɗe da sanin wannan: mota na gudu, amma ka ga zakin ka karanta rubutun. Na biyu, a cire launi ya koma fari da baƙi. In jarumi ya narke cikin bayansa, haskensu ɗaya ne, kuma launi ba zai cece shi a takarda ba. Wannan ya fi shafarmu, don baƙar fata a kan duhun dare takan fito daga inji kamar tabo. Maganinsa a sa haske a bayan kai, wayewar gari ko ƙura ko wuta, sannan a ja siririn haske a gefen kunci da kafaɗa. Kashi ɗaya cikin uku na sama kuma a bar shi ba hayaniya, nan suna zai zauna. A faɗa wa mai zane tun ranar farko, kada ya sa kan dodo a wurin.

Sai lissafin maɗaba'a, inda aiki mai kyau ya fi lalacewa. Mu ɗauki girman A5, milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Bango fayil ɗaya ne da ya haɗa baya, ƙashin baya da gaba. Kaurin ƙashin baya daga yawan takarda yake fitowa: shafi 200 falle 100 ne, fallen takarda mai giram 80 kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ka ga milimita 10 ke nan. Amma a tambayi mai maɗaba'a ya auna takardarsa, don sukan bambanta. Sai a ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda masu ɗab'i ke kira bilid, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi. In babu rarar, farin zare zai fito a baki. Jimla: 148 sau biyu, da 10, da 6, milimita 312 a faɗi, 216 a tsawo. A ɗigo 300 kowane inci, wajen fiksel 3685 ke nan da 2551. A wannan girman za a fara zanen, ba a yi ƙarami a zo ana ja ba. Rubutu kuma ya nisanci bakin yanka da aƙalla milimita 5. In littafin siriri ne, ƙasa da shafi 80, a haƙura da rubutu a ƙashin baya, zai zame ya hau gaba.

Launi: fuskar waya da haske take aiki, RGB, inji kuwa da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore shar su ne suka fi mutuwa in an juya, don haka a juya tun da wuri a gani. Kada a cika duhu da tawada huɗun duka har ƙarshe. In jimlarsu ta haura kashi 300 cikin ɗari takarda ba ta shanyewa, sai ta shafi fallen da ke kanta. Ƙananan rubutu baƙar tawada kaɗai za a ba su, in an haɗa huɗu inji ya ɗan goce, sai su fito da inuwa.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, yawancin salon rubutun ado ba su da su. Ka rubuta Ƙarfe, kwamfutar maɗaba'a ta maye harafin da akwati ko da wani salo daban. A zaɓi salon da ke da su, sannan a mayar da rubutun zane a CorelDraw kafin a fitar da PDF. Kuma a aika fayil a matsayin takarda, ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa.

Kwalin bango ya kai giram 250 zuwa 300. Lamineshan, wato siririyar ledar da ake lulluɓe bango da ita, marar sheƙi ya fi kwarjini, amma a kan baƙin bango duk ƙarcen farce da man yatsa sai sun nuna. Littafin da zai yi yawo hannu biyar kowane mako, mai sheƙi ya fi masa juriya. Lokacin hunturu kuma bangon da aka lulluɓe gefe ɗaya yakan nannaɗe, musamman in zaren kwalin bai bi tsawon ƙashin baya ba, don haka a tambayi mai yanka yadda ya kwantar da kwalin.

Kada ku yarda a buga ɗari biyar kai tsaye. A fitar da kwafi ɗaya a kan ainihin kwalin, da lamineshan ɗinsa, a yanke, a naɗe. Ku duba shi a rana tsaka, ku sake duba shi da dare a hasken fitilar caji, tunda a nan za a fi yin wasan. In fuskokin jarumai sun fito a duka biyun, ku sa hannu a bayan kwafin, ku bar wa mai maɗaba'a ya riƙa gwada sauran da shi.