Daga Filin Sukuwa Zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, da ɗaliban da suka cika bayan ɗaki, sannunku da zama. Yau Ikko za mu leƙa, tsakiyar tsibirin Legas, wurin da kwandastoci ke kwarma kiransa "TBS! TBS!", wato Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Asalinsa filin sukuwa ne. A 1859 Oba Dosunmu, sarkin Ikko, ya ba Turawa wurin, shekara 2 kafin ya sa hannu a takardar da ta miƙa musu garin ɗungurungum a 1861. Ku lura da jerin nan: filin wasa aka fara karɓa, mulki ya biyo baya. Bature duk inda ya kafa bariki sai ya yanki filin sukuwa, Kanawa sun san nasu. A na Legas ana tseren dawaki, ana buga kurket, ranar bikin daular Ingila kuma a jera 'yan makaranta cikin rana suna yi wa gwamna fareti. King's College, da aka buɗe a 1909, tana nan daf da shi har gobe.

To, daren 30 ga Satumba 1960 ne ya sa muke maganar filin nan. Da sha biyun dare ta buga aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga kore-fari-kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana yana ɗalibi a Landan. Gari na wayewa, 1 ga Oktoba, Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya, ta miƙa takardun mulkin kai, Gwamna Janar Sir James Robertson na zaune. Sai Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya yi jawabi da muryar nan tasa da Turawa kansu suke sha'awa, malamin makaranta daga Bauchi, a gaban baƙin duniya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, Sir Abubakar bai taɓa ganin dandalin da ke ɗauke da sunansa ba. Shi ciyawa ya taka. An kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, Allah ya jiƙansa, ginin kuwa sai 1972, zamanin Janar Gowon, lokacin da yaƙin basasa ya ƙare kuɗin mai ya fara shigowa. Aka shafe filin da kankare, aka tada rumfunan da ke ɗaukar mutum wajen 50,000. In ka tsaya a babbar ƙofa ka ɗaga kai, za ka ga fararen dawakai huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya, ga jajayen mikiyoyi bakwai, duka an ciro su daga tambarin ƙasa. Ni dai a ganina ƙofar ta fi cikin kyau. Da an bar ko ɗan yanki na ciyawar da aka sauke tuta a kanta, da ta fi rumfunan nan faɗa wa yara tarihi.

A nan Janar Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, kuma a harabar nan majalisar tarayya ta zauna har sojoji suka dawo a ƙarshen Disamba 1983.

Akwai kuma wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da na basasa. Kada ku wuce shi da sauri. Da yawan sojojin da aka kai Burma a yaƙin duniya na biyu daga Arewa aka ɗebe su, har Hausa ce harshen bariki a lokacin. Ƙila a ɗakin nan ma akwai jikan ɗan Burma. Ga shi can wani ya ɗaga hannu, madalla.

Da aka kwashe gwamnati zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, faretin ƙasa ya koma can, dandalin Legas ya zama kamar gidan sarautar da sarki ya tashi ya bar wa 'yan haya. Yanzu shaguna ne a gindin rumfuna, masu sayar da tikitin jirgi, tashar manyan motocin BRT, taron siyasa, taron coci, da bikin Eyo na masu fararen tufafi in an yi shi. Ban ga laifin kasuwa ba, ita ke hana wuri zama kango. Wanda ke ba ni takaici shi ne Independence House, dogon benen nan mai hawa sama da 20 da aka gina don tunawa da 'yanci, ya zama hedkwatar tsaro, ya yi gobara a 1993, tun daga nan bai koma yadda yake ba.

Wanda Allah ya kai shi, ya ƙarasa da ƙafa zuwa gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a can, da hujin harsasai a jikinta. Shugaban taro yana nuna mini agogo, sai mu ba masu tambaya dama.